KUNNEN DASHE DA KARIN HARSHE



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin an kawo zancen tiyatar kunne a cikin laccar da ta shafi harshe. Dalilin kuwa ba mai nisa ba ne. Injiniya ke ƙera na'ura, likita ke dasa ta, amma kayan da ake so na'urar ta ɗauka ta kai wa mutum, watau magana, hurumin mai nazarin harshe ne. Tambayar da wannan lacca ta sa a gaba ita ce: idan aka dasa wa kurma na'urar ji a cikin kunnensa, me yake ji in an yi masa magana, me ke kuɓuce masa, kuma yaya al'amarin zai kasance in maganar da Hausa aka yi ta?

YADDA KUNNE KE JI

Sauti kaɗawar iska ce. Iskar ta shiga kafar kunne ta bugi dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu 'yan ƙasusuwa guda uku, su kuma su miƙa motsin ga wani murɗaɗɗen kogo mai cike da ruwa wanda ke cikin ƙashin kai. Saboda kamanninsa ne masana suka sa masa sunan katantanwa, kuma da wannan suna za a kira shi a nan. In da za a warware katantanwar kunne, tsawonta kamar milimita 35 ne. A cikinta akwai jerin wasu ƙwayoyin halitta masu gashi a ka. Kimanin 3,500 daga cikinsu su ke mai da motsin ruwa ya zama saƙon lantarki, wasu kimanin 12,000 kuma aikinsu ƙarfafa motsin da tace shi. Saƙon yana bin zaruruwan jijiyar ji, waɗanda yawansu ya kai kamar 30,000, har zuwa ƙwaƙwalwa.

Abin lura shi ne kowane sauti da mazauninsa a cikin katantanwa. Siririn sauti, irin na sarewa, a bakinta yake sauka. Kakkauran sauti, irin na tambari, sai ya kai can ƙuryarta. Georg von Békésy, mutumin ƙasar Hangare, shi ya bayyana wannan tsari, aka kuwa ba shi lambar Nobel a kansa a shekarar 1961. Kunnen matashi lafiyayye yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya.

Galibin kurumta mai tsanani daga mutuwar ƙwayoyin nan masu gashi take zuwa, kuma a jikin ɗan'adam in sun mutu ba su sake tsirowa. Ita kuwa jijiyar, sau da yawa tana nan da sauran ranta. Na'urar ƙara ji da aka saba gani a kunnen tsofaffi ƙara ƙarfin sauti kawai take yi, to in ƙwayoyin sun ƙare, sallama ce ake ta ɗaga murya a ƙofar gidan da babu kowa. Dabarar na'urar dashe ita ce a tsallake matattun ƙwayoyin, a taɓa jijiyar kanta da lantarki.

TAƘAITACCEN TARIHI

Tun wajen shekarar 1800 Alessandro Volta, Ba'italiyen da ya ƙago batir, ya cusa ƙarafa biyu a kunnuwansa ya haɗa su da batirinsa. Ya ji girgiza a kai, sa'an nan ya ji wani ƙara kamar tafasar miya mai kauri. Bai sake gwadawa ba. Sai a shekarar 1957, a birnin Paris, André Djourno da Charles Eyriès suka ɗora waya a kan jijiyar ji ta wani majinyaci da ya kurumce. Mutumin ya ji ƙara, har ya iya rarrabe 'yan kalmomi ƙalilan, kafin na'urar ta lalace. Labarin ya kai ga William House, likitan kunne a Los Angeles ta Amurka, wanda ya fara dasa wa mutane tasa na'urar a 1961.

Manyan masanan ji na wancan zamani ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Ta yaya waya ɗaya, ko 'yan wayoyi, za su maye gurbin dubban ƙwayoyi? Binciken da Robert Bilger ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 1977, ya duba mutum 13 masu na'ura mai waya ɗaya. An tarar tana taimaka musu wajen karanta leɓe da jin motsin duniya, amma ba su fahimtar magana da kunne kaɗai. A ƙarshen wannan shekara ce aka dasa na'ura mai hanyoyi da yawa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wadda Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera. A watan Agusta na 1978 kuma Graeme Clark ya dasa tasa a Melbourne ta Ostareliya. Shi Clark ɗan kurma ne, mahaifinsa mai sayar da magunguna ne da jinsa ya yi rauni, kuma wahalar da ya ga uban yana sha da masu ciniki ita ta ja shi ga wannan aiki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'ura mai hanyoyi da yawa domin manya a 1985, domin yara 'yan shekara 2 a 1990, aka sauko zuwa wata 12 a shekarar 2000, kana wata 9 a 2020. Ya zuwa 2022 an ƙiyasta cewa na'urorin da aka dasa a duniya sun kai miliyan ɗaya.

ABIN DA NA'URAR KE ƊAUKA DA ABIN DA TAKE ZUBARWA

Na'urar kashi biyu ce. A waje akwai makirfo da wata 'yar kwamfuta da ake ratayawa a bayan kunne, da ɗan faifai mai maganaɗisu da ke manne wa fatar kai. A ƙarƙashin fata akwai mai karɓar saƙo, da wata siririyar waya mai laushi da ake zurawa cikin katantanwa. A jikin wayar an jera ɗigogin ƙarfe da ake kira ilektirod. Na kamfanin MED-EL 12 ne, na Advanced Bionics 16, na Cochlear kuwa 22.

'Yar kwamfutar tana raba sautin da ya shigo kashi-kashi, daga kakkaura zuwa siriri, ta aika kowane kashi ga ɗigon da ke kusa da mazauninsa. Daga kowane kashi kuwa abu ɗaya take ɗauka, watau yadda ƙarfin sauti ke hawa da sauka. Ƙananan kaɗe-kaɗen da ke cikin sautin, waɗanda su ke ba murya launinta, yawancinsu zubar da su ake yi. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin duk abin da za a faɗa nan gaba game da karin sauti daga nan ya samo tushe.

Akwai kuma wata matsala. Ɗigogin a cikin ruwa mai gishiri suke, lantarki kuwa in ya shiga irin wannan ruwa sai ya bazu, kamar tawada a kan jiƙaƙƙiyar takarda, har saƙon wannan ɗigo ya cakuɗe da na maƙwabcinsa. Blake Wilson da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wata dabara da aka buga a 1991: kada ɗigogi biyu su yi aiki a lokaci guda, a riƙa taɓa su ɗaya bayan ɗaya cikin tsananin sauri. Wannan 'yar dabara ta ɗaga fahimtar magana ƙwarai, kuma saboda ita ne aka haɗa Wilson da Clark da Ingeborg Hochmair a lambar yabo ta Lasker a 2013. Duk da haka bazuwar ba ta ƙare ba. Wani bincike na 2001 ya nuna cewa masu na'urar ba su samun ƙarin fahimta in an wuce ɗigo 7 ko 8, ko da 22 ke cikin kunnensu.

To, yaya magana ke wucewa ta wannan ƙuntatacciyar hanya? Amsar ta ba masana kansu mamaki. A 1995 Robert Shannon da abokan aikinsa suka ɗauki maganar Ingilishi suka raba ta kashi huɗu kacal, suka cire duk launin murya, suka bar hawa da saukar ƙarfi kawai, suka sa wa masu lafiyayyen kunne. Mutanen suka gane galibin jimlolin. Ashe magana tana ɗauke da guzuri fiye da buƙata, kuma ƙwaƙwalwa gwana ce wajen cike gurbi.

SAKAMAKO

Baligin da ya iya magana kafin ya kurumce shi ya fi saurin cin moriya. Ana kunna na'urar bayan mako biyu zuwa huɗu da tiyata, kuma a ranar farko muryoyi kan zo masa sirara, kamar na mutum-mutumi. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne wayar ba ta kaiwa ƙuryar katantanwa, saboda haka kakkauran sauti yana sauka a mazaunin wanda ya fi shi siranta. A hankali ƙwaƙwalwa ke sabawa, kuma yawancin ci gaban a cikin shekarar farko ake samunsa. A ɗaki marar hayaniya, matsakaicin mai na'ura yakan gane kamar kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke cikin jimla. In kuwa kalmomi ne masu gaɓa ɗaya ake jefo masa ɗai-ɗai, sai abin ya sauko zuwa rabi da 'yan kai. Da yawa suna magana ta waya.

Sai dai wannan matsakaicin lissafi yana ɓoye gaskiya mai nauyi. A gwaji guda, da na'ura iri guda, wani zai ci kusan duka, wani kuwa ko ɗaya ba zai ci ba. An san wasu daga cikin dalilan: daɗewar da mutum ya yi a kurumce kafin dashe, da shekarunsa, da cutar da ta jawo kurumtar, da sauran jin da ya rage masa, da inda wayar ta kwanta a cikin katantanwa. Amma da Peter Blamey da abokan aikinsa suka tattara bayanan majinyata 2,251 daga ƙasashe da dama, a binciken da aka buga a 2012 da 2013, duk dalilan da suka auna ba su bayyana ko kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin mutanen ba. Likitan da ya yi wa majinyaci alkawarin cewa lalle zai ji kamar dā ya faɗi abin da ilminsa bai ba shi ba.

Hayaniya kuwa ita ce babbar abokiyar gaba. Mai lafiyayyen kunne yana iya tsamo muryar abokinsa daga cikin muryoyi goma, domin kowace murya da launinta, kuma kunnuwa biyu suna gaya masa inda take fitowa. Mai na'ura an rage masa launin, kuma in kunne ɗaya aka dasa masa, an rage masa sanin jiha. Mutumin da ya yi abin yabo a ɗakin gwaji na asibiti yana iya shiga kasuwa, ko ajin da ke da yara tamanin, ya koma kallon baki.

Me ya sa jimla ta fi kalma sauƙi? Mai karatun Hausar boko ya fi kowa sanin amsar, ko da bai taɓa lura ba. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. In aka rubuta kalmar fari ita kaɗai a allo, babu mai iya cewa launi ake nufi, ko rashin ruwan sama, ko mafarin abu. Amma da an ce an yi fari bana gero bai yi ba, shakka ta kau. Kamusun Bargery na 1934 sai da ya sa alamomi a kan kalmomi domin baƙon harshe, amma ɗan gida yana karanta jarida ba tare da su ba, saboda harshen yana cikin kansa tun kafin ya ga takardar. Haka baligi mai na'urar dashe yake. Abin da ke iso masa gajeren rubutu ne, shi ke cike sauran daga taskar da ya tara lokacin da yake ji.

BAƘI, WASALI DA LEƁE

Masu nazarin furuci suna rarrabe baƙaƙe ta hanya uku: gurbin furuci, da yanayin furuci, da matsayin maƙwallato. Gwaje-gwaje sun nuna cewa na'urar ta fi iya isar da biyun ƙarshe, domin alamominsu a cikin lokaci da ƙarfin sauti suke. Gurbin furuci, watau bambancin b da d da g, shi ya fi ba ta wuya, saboda yana buƙatar tantance mazaunin sauti daki-daki. Abin sha'awa, gurbin furuci shi ido ya fi gani. Leɓe yana nuna bambancin ba da da, amma ba ya nuna bambancin ba da ma, wanda kunnen dashe ke kamawa cikin sauƙi. Ido da na'ura ke nan kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Ko masu ji ma da ido suke saurare ba su sani ba. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa in aka sa wa mutum sautin ba alhali bakin da yake kallo ga yake furtawa, sai ya ce da ya ji. Saboda haka malamin da ke magana yana fuskantar allo ya ɗauke wa ɗalibi mai na'ura rabin darasi.

A Hausa akwai baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda ido ba ya raba su da 'yan'uwansu ko kaɗan. Bari da ɓari kamanninsu ɗaya a leɓe, haka kafa da ƙafa, haka daka da ɗaka. Duk bambancin a maƙogwaro yake, saboda haka nauyinsu duka a kan na'urar ya faɗa. Tsawon wasali kuwa sa'a ce ga Bahaushe, domin tsawon lokaci yana cikin abubuwan da na'urar ke isarwa da aminci. Gari na mutane da gari na tuwo, ko dafa abinci da dafa kafaɗa, wasalin farko ne ya raba su, gajere a ɗaya, dogo a ɗaya.

KARIN SAUTI

A nan ne gizo ke saƙa. An ƙera waɗannan na'urori, aka kuma gwada su da fari, a kan Ingilishi da Jamusanci da Faransanci, harsunan da hawa da saukar murya ba ya sauya ma'anar kalma a cikinsu. Bature mai na'ura in karin murya ya kuɓuce masa, abin da ya yi hasara shi ne sanin ko tambaya aka yi, ko fushi ake, ko ba'a. Bahaushe kuwa kalmar ce kanta ke iya sauyawa. Wuya na jiki kari ne na sama sa'an nan ƙasa, wuya ta wahala kuwa ƙasa sa'an nan sama. Kuka na hawaye sama da sama, kuka ta miya sama da ƙasa. Baƙaƙensu ɗaya, wasulansu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kuma leɓe ba ya nuna komai.

Al'amarin bai tsaya ga kalmomi ba, ya shiga cikin nahawu. A duba ya tafi. In wasalin ya dogo ne da karin sama, mutumin ya riga ya tafi. In dogo ne da karin faɗau, zai tafi nan gaba. In gajere ne da karin sama, shi ne na cikin labari, kamar a ce jiya ya tafi. In gajere ne da karin ƙasa, umurni ne ake bayarwa. Tsawon wasali ya raba huɗun nan gida biyu, kuma wannan na'urar za ta kama. Amma a cikin kowane gida kari ne kaɗai alƙali. Tsakanin ta sha magani na cewa an riga an sha, da ta sha magani na cewa za a sha, babu komai sai faɗuwar murya a kan gaɓa ɗaya.

Kari yana fitowa ne daga saurin kaɗawar tantanin maƙwallato. Muryar namiji baligi tana kaɗawa kamar sau 120 a sakan, ta mace kamar sau 220, ta ƙaramin yaro kuwa tana kusantar 300. Lafiyayyen kunne yana gane wannan ta hanyar ƙananan kaɗe-kaɗen nan da aka ce na'urar tana zubarwa. Abin da ya rage wa mai na'ura shi ne ɗan bugun da ke saura a cikin hawa da saukar ƙarfi, kuma bincike ya nuna cewa yawancinsu ba su iya bin wannan bugu in ya wuce kamar sau 300 a sakan. Ma'ana, karin muryar namiji ya fi sauƙin kamawa, na mace ya fi wuya, na yara ya fi duka. Jariri kuwa a bakin mata da yara yake koyon harshe.

Mutanen Sin su suka fi zurfafa bincike a kan wannan, domin harshen Mandarin yana da kari huɗu, na Kanton kuma shida. Abin da suka samu shi ne masu na'ura suna gane kari fiye da cinta-cinta, amma ƙasa da masu ji, kuma yara da yawa suna furta karin a daddafe. An kuma gano cewa suna dogara da wasu alamomi na gefe, domin a Mandarin kowane kari yana da nasa tsawo da nasa yanayin ƙarfi, ta yadda ko an cire hawa da saukar murya akan iya cankarsa. Bai kamata a kwaso wannan sakamako a ɗora wa Hausa kai tsaye ba. Karin Mandarin lanƙwasa ce a cikin gaɓa ɗaya. Karin Hausa, in ban da faɗau, matakala ce, ba a sanin gaɓa tana sama sai an gwada ta da maƙwabciyarta. Tsawon wasali kuma a Hausa yana da nasa aiki dabam, ba zai yi wa kari ɗan rakiya ba. Daɗin daɗawa, muryar Bahaushe gangarawa take yi a cikin jimla: duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko kaɗan, har a doguwar jimla na saman ƙarshe ya iya yin daidai da na ƙasan farko. Mai saurare dole ya riƙa auna ƙananan tazarori gaɓa bayan gaɓa, wanda shi ne ainihin abin da na'urar ta fi rauni a kai.

Kiɗa ma haka. Masu na'ura suna bin bugu da tsarin lokaci kusan kamar kowa, amma zaƙin rerawa yana ba su wuya. Mai kalangu yana matsa tsarkiya yana saki domin gangarsa ta kwaikwayi karin magana. Mai na'ura zai iya taka rawa daidai, amma kirarin da kalangun ke yi wa mai gida yana iya wuce shi.

Akwai abin da ke rage wannan hasara. Mutane da yawa da suka kurumce suna da ɗan sauran ji na kakkauran sauti, kuma a nan ne tushen kari yake. In aka sa na'urar ƙara ji a ɗaya kunnen, ko aka yi tiyata a hankali da gajeriyar waya yadda sauran jin ba zai mutu ba, dabarar da Christoph von Ilberg ya bayyana a Jamus a 1999, fahimtar kari da ta magana cikin hayaniya suna ƙaruwa. Ga mai harshen kari, wannan ɗan sauran ji dukiya ce da bai kamata likita ya yi wasa da ita ba.

YARO DA LOKACI

Duk abin da aka faɗa game da cike gurbi ya shafi wanda ya taɓa ji ne. Yaron da aka haifa kurma ba shi da taskar da zai ɗiba, da wannan gajeren saƙo zai gina harshen tun daga tushe. Abin mamaki yara da yawa suna yin haka, in an yi dashen da wuri. Anu Sharma da abokan aikinta sun auna saurin amsawar ƙwaƙwalwa ga sauti, suka buga a 2002 cewa yaran da aka dasa wa kafin shekara uku da rabi amsarsu tana komawa daidai da ta masu ji, waɗanda kuwa suka wuce shekara bakwai galibi ba ta komawa. Wani bincike na yara 188 a Amurka, wanda John Niparko ya jagoranta aka buga a 2010, ya nuna waɗanda aka dasa wa kafin wata 18 su suka fi kusantar tsararrakinsu a harshe. Sashen ƙwaƙwalwa na ji in bai sami aiki ba, gani da taɓi sai su mamaye shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ya sa jinkiri ya zama babbar illa. A gidaje da yawa yaro sai ya kai shekara uku ko huɗu ba ya magana ana cewa nauyin baki ne, kakansa ma haka ya yi. Ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Inda yawancin haihuwa a gida ake yi, wannan ba zai yiwu a ɗakin haihuwa ba, amma Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas, a aikin da aka buga a 2008, cewa ana iya yin gwajin a wurin allurar rigakafin farko da uwaye ke kai jarirai.

Ƙasar Hausa kuma tana tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996, a Nijeriya kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, kuma kurumta tana cikin manyan tabon da cutar ke bar wa waɗanda suka tsira. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna, amma wani nau'in ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai maganin nau'i biyar. Abin da ya sa sanƙarau ya bambanta da ƙyanda da hangum da shawarar jarirai shi ne, bayan cutar, kogon katantanwa yana iya fara cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni. In ya toshe, wayar ba ta samun hanyar shiga sosai. Yaron da aka sallama daga asibiti ana murna ya warke, ba a gwada jinsa ba, ƙofar tana rufe masa ba wanda ya sani.

Tiyatar ma, wadda ake yi a wasu 'yan asibitoci a Nijeriya, farkon ɗawainiya ce. Na'urar tana da tsada ƙwarai. Bayan haka akwai batir da ke son caji kullum, da wayoyi da ke tsinkewa, da zufa da ƙura, da komawa wurin masani lokaci-lokaci domin daidaita ƙarfin kowane ɗigo, da shekaru na koyar da saurare. Yaron yana buƙatar a yi ta yi masa magana fuska da fuska daga safe har dare. A nan har al'ada ta shigo, domin inda uwa ke alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yawan yi masa magana a gaban mutane, dole a san wace kaka ko goggo za ta ɗauki wannan aiki tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Kada kuma a manta kurame suna da harshensu. Maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta buga littafi a kanta a shekarar 2000, cikakken harshe ce mai nata tsari. Ƙungiyar kurame ta Amurka ta yi adawa da dasa wa yara na'ura a 1991, ta sassauta a 2000, kuma damuwarsu tana da tushe. Tun da ba a iya sanin wane yaro ne na'urar za ta yi wa aiki, wanda aka hana maganar hannu ana jiran kunne, in kunnen bai zo ba, ya tashi ba harshe ko ɗaya. Na'urar ma in an cire ta da dare, ko batir ya mutu, mai ita kurma ne.

ABIN AWO

Duk alƙaluman da aka ambata a sama da jerin kalmomi aka same su, kalmomin da aka zaɓa domin su wakilci sautukan harshen da ake gwaji da shi. Fassara jerin Ingilishi zuwa Hausa ba za ta yi ba, kuma gwada tsohuwar da ba ta jin Turanci da kalmomin Turanci auna jahilcinta ne na Turanci. Jerin Ingilishi kan kalmomi masu gaɓa ɗaya ya dogara, alhali galibin kalmomin Hausa masu gaɓa biyu ne. Jerin Hausa yana buƙatar tagwayen kalmomi iri uku a ware: waɗanda kari kaɗai ya raba, irin su wuya da kuka, waɗanda tsawon wasali ya raba, irin su gari da dafa, da waɗanda ƙugiya ta raba. Tun da rubutu ba ya bambanta su, da hotuna za a amsa, a nuna wa yaro itacen kuka da jariri mai hawaye ya taɓa wanda ya ji. Kowace kalma a ɗauke ta da muryar namiji da ta mace da ta yaro, a cikin shiru da kuma cikin hayaniyar masu magana da Hausa. A kuma kula da karin harshe, domin kalmar da Bakano ya sani tun yana goye ba lalle ba ne ta zama ita ce a bakin yaron Sakkwato ko na Maraɗi, kuma yaron da aka jefa wa kalmar da ba ta gidansu ba zai faɗi gwajin ko da kunnensa ya ji ta sarai.